Jif mai haɗa fetur da lantarki a kan dusar ƙanƙara: dillali ya ce ba sai na canza taya ba

Tambaya: Wani ɗan'uwa da aiki ya kai shi ƙasar sanyi ya sayi babbar jif ta alfarma, irin mai haɗa injin fetur da na lantarki, wadda ake kira haibirid. Dillali ya ce masa tunda tayoyinta huɗu duk suna ja, ba ya bukatar tayoyin hunturu. Da dusar ƙanƙara ta fara sauka, ya taka birki gab da danja, sai ya ji kamar motar ta saki birkin ta ƙara gaba kafin ta tsaya. Ga shi kuma ta fara shan mai fiye da da. Yana son ya san ko motar ce ke da matsala, da kuma yadda ake tuƙa irinta a hunturu.

Amsa: Malam, bisa abin da ka bayyana, motarka ƙalau take. Dillalin ne ya faɗa maka rabin magana, kuma rabin da ya ɓoye shi ne mai jefa mutum a rami.

Jan tayoyi huɗu amfaninsa a wajen tashi ne, da hawan tudu. Idan aka zo tsayawa, babu motar da ba ta da birki a tayoyi huɗu, daga ƙaramar mota mai arha har zuwa taka. Wato a wajen tsayawa ba ka fi kowa komai ba, illa nauyi. Irin waɗannan jif ɗin sun haura tan 2, masu babban batir da ake sa wa caji a soket kuma suna kai tan 2.5 ko fiye. Wasu na cewa nauyi yana danne mota a ƙasa. Haka ne, yana danna tayar, amma shi ne kuma kayan da tayar za ta tsayar. Duk ƙarfin injin, duk kwamfutocin da ke cikinta, a ƙarshe abin da ya haɗa ka da hanya wurare huɗu ne na roba, kowanne bai fi tafin hannu ba.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, a kan busasshiyar kwalta, tana bukatar kamar mita 14 daga lokacin da birki ya kama zuwa tsayawa. A kan dusar da motoci suka tattake ta daskare, abin ya kusa mita 50. A kan sulɓin ƙanƙara zalla yana iya kaiwa mita 100. Wannan ban sa tazarar da motar ke ci kafin ƙafarka ta isa kan birkin ba. Shi ya sa littafin dokokin hanya na Birtaniya ya ce a kan ƙanƙara tazarar tsayawa tana iya ninkawa har sau goma. Kuma idan ka ninka gudu sau biyu, tazarar sau huɗu take ninkawa.

Abin da ya fi ba ni tsoro da motocin alfarma shi ne yadda suke ɓoye wa direba labarin hanya. Mai ƙaramar mota da tayoyin gaba kawai ke ja, tun daga ƙofar gida tayarsa za ta yi ta juyi a wuri ɗaya, ya san yau akwai santsi, ya shiga taitayinsa. Kai kuwa ka taka totur, injin lantarki ya ɗauke ka shiru, kwamfuta ta raba ƙarfi gaba da baya kafin ka ji wata taya ta zame, gilasai masu kauri sun tare ƙarar hanya, sitiyari laushi, kujera ɗumi. Babu abin da ya gaya maka ƙasa ta canza. Sai ka kai gudun da ka saba yi lokacin zafi, labarin santsi kuma ya iso maka a kwana ta farko ko a danja ta farko. Don haka ka mayar da wannan al'ada: da ka fito, a miƙaƙƙiyar hanya, ka duba madubi ka ga babu kowa a bayanka, kana tafiya a hankali, sai ka taka birki da ɗan ƙarfi. Idan ka ji ƙugi a ƙarƙashin ƙafarka ko wata fitila mai ruwan ɗorawa ta yi ƙyaftawa a gabanka, to ka ji abin da hanya ke ciki.

Yanzu batun taya, wanda shi ne kan maganar. Robar tayar lokacin zafi tana taurarewa idan sanyi ya sauko ƙasa da kamar digiri 7 a ma'aunin Selshiyas, tun ma ba a ga dusa ba. Tayar hunturu an haɗa robarta yadda za ta zauna da laushi a cikin sanyi. Ka durƙusa ka dubi fuskarta: kowane haƙori an tsattsaga shi da siraran layuka masu zigizag, idan ka danna da babban yatsa za ka ga suna buɗewa. Waɗannan tsagogin su ke cizon ƙanƙara. Manyan ramukan kuma suna cika da dusa da gangan, saboda dusa ta fi kama 'yar'uwarta dusa fiye da yadda roba ke kama ta. A gefen tayar ka nemi hoton dutse mai kawuna uku da ƙwayar dusa a tsakiyarsa. Wannan alamar ita ce shaidar an gwada tayar a kan dusa ta ci jarrabawa. Haruffan M+S, wato laka da dusa, su kaɗai ba su isa ba, don yawanci siffar zanen tayar kawai suke nunawa. Da yawa daga cikin jif ɗin da ake sayarwa a Amurka da Kanada suna zuwa da tayar da ake cewa ta kowane lokaci ce, mai M+S, a Turai kuma da tayar zafi zalla. Ina kyautata zaton ɗaya daga cikin biyun ce a motarka.

Huɗu za ka saya, iri ɗaya. Masu sa biyu a gaba su bar tsofaffi a baya suna haɗa wa kansu motar da gabanta ke riƙe hanya bayanta yana yawo. Kada kuma ka nace sai girman da motar ta zo da shi. Waɗannan manyan wilolin masu inci 21 ko 22 da faffaɗar taya ado ne, a dusa faɗin yana sa taya ta hau kan dusar maimakon ta yanka ta. Ka duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ko littafin motar, ka ga ƙaramin girman da kamfani ya amince da shi, ka haɗa tayoyin hunturun da wilolinsu daban. Wani amfanin ƙaramin wili shi ne sarƙa: motoci da yawa masu manyan wiloli ba su da sararin ɗaura ta, sai ta daki bututun birki ko wayar na'ura. Littafin zai gaya maka tayoyin da ake ɗaura wa, kuma da sarƙa ba a wuce kilomita 50 a awa.

A wasu wuraren ma ba zaɓi ba ne. A lardin Kebek na Kanada wajibi ne daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Jamus babu ranar farawa, doka ta ce duk lokacin da hanya ke da dusa ko ƙanƙara, kuma daga Oktoban 2024 mai hoton dutsen nan kawai ake karɓa. Ostiriya tana bukata daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu idan yanayin ya zo, da zurfin zane aƙalla milimita 4. Suwidin daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris idan yanayin ya zo, milimita 3. Tayoyi masu ƙusoshi halal ne a ƙasashen arewacin Turai, a Jamus haramun. Babu ɗaya daga cikin dokokin nan da ya ɗauke wa mai jan tayoyi huɗu. Iskar taya kuma tana raguwa da kamar psi 1 duk lokacin da sanyi ya ƙaru da digiri 5 zuwa 6, don haka ka auna da safe kafin motar ta motsa.

Sai abin da ya tsorata ka a danja. Haibirid birki biyu gare ta a ƙarƙashin feda ɗaya. Idan ka taka a hankali, ba faifan birki ne ke tsayar da kai ba, injin lantarkin ne ke juyewa ya zama janareta, yana riƙe tayoyin yana tura wutar cikin batir. Sai ka taka da ƙarfi ko motar ta kusa tsayawa ne birkin mai ruwa yake karɓa. To a kan santsi, da taya ɗaya ta fara kullewa, na'urar hana kullewar taya, wato ABS, tana bukatar ta riƙa kamawa tana saki a kowace taya daban, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Janaretan ba zai iya wannan ba. Sai kwamfuta ta yanke shi nan take ta miƙa aikin ga birkin ruwa. A tsakanin yankewar da karɓar akwai ɗan gibi, ƙasa da daƙiƙa, inda jan da jikinka ke ji ya ragu. Motar ba ta ƙara gudu ba, rage gudun ne ya yi sauƙi na ɗan lokaci, jiki kuma ya fassara shi da cewa an tura ka gaba. Sanannen abu ne. A Fabrairun 2010 kamfanin Toyota ya janye motocin haibirid fiye da 400,000 a duniya, ciki har da Prius da Lexus HS 250h, don gyara manhajar da ke kula da wannan miƙa aikin. Motocin yanzu sun fi iya haɗa shi, amma a kan ƙanƙara, ko murfin kwalbati mai santsi, ko fentin tsallaka titi, har yau ana jin sa.

Maganinsa a ƙafarka yake. Da ka ji shi, ƙara dannawa, ka riƙe, kada ka ɗaga. Kada ka yi ta famfo da feda kamar yadda tsofaffin direbobi suka koya a motocin da ba su da ABS. Ƙugin da karkarwar alamar na'urar na aiki ne, kuma a wasu motocin alfarma karkarwar ba ta kai wa ƙafa sosai, ƙarar kawai za ka ji daga gaba. Muddin ABS na aiki sitiyari yana amsawa, don haka ka kalli inda kake son bi, ka juya a hankali. Amma fa idan abin yana faruwa a busasshiyar kwalta mai laushi, ko fitilar birki ta kunnu ta zauna, ko feda ya nutse, wannan wata magana ce daban, ka kai ta gareji ranar.

Akwai abin da ya biyo bayan wannan. Motoci da yawa suna ba ka damar ƙara ƙarfin janaretan, ta giyar B, ko S, ko maɓallan bayan sitiyari, yadda da ka ɗaga ƙafa daga totur motar za ta ja baya da kanta. Lokacin zafi abu ne mai daɗi. A kan santsi ni ba na so. Wannan jan ta tayoyin da injin lantarki ke haɗe da su kawai yake bi, kuma yana zuwa ne a lokacin da ka tsorata ka fizge ƙafa, sau da yawa a tsakiyar kwana. Idan tayoyin baya ne, gindin motar na iya karkacewa kafin kwamfuta ta yanke. Ka bar shi a mataki mafi ƙanƙanta, ka rage gudu da feda, inda kwamfuta ke iya raba aikin ga tayoyi huɗu. A doguwar gangara kana iya sa ƙaramar giya, amma tun daga sama, kana tafiya a hankali, ba a tsakiya ba bayan gudu ya ƙwace.

Sannan ka sani jan nan ba kullum yake daidai ba. Batir mai sanyi ba ya karɓar caji da yawa, haka ma wanda ya cika taf. Da asuba, ko ka cire motar daga soket ka fara da gangara, za ka ɗaga ƙafa ka ji ta ci gaba da tafiya abinta. Wanda ya saba dogara da jan janareta a nan yake makara.

Game da jan tayoyi huɗun kansa, ba duk haibirid ce iri ɗaya ba, kuma yana da kyau ka san irin taka. Lexus RX, tun daga RX 400h da ta fito a 2005, ba ta da sandar ƙarfe mai kai ƙarfin inji zuwa baya. Wani injin lantarki ne daban a baya, a RX 450h ƙarfinsa kilowat 50, yana shigowa lokacin tashi da lokacin da gaba ya zame. Volvo XC90 T8 ma injin fetur ke jan gaba, lantarki ke jan baya. Su kuwa BMW X5, Porsche Cayenne da Range Rover masu soket, injin lantarkinsu a jikin giyabos yake, ƙarfin kuma yana bin sandar ƙarfe zuwa tayoyi huɗu kamar jif ta gargajiya. A titin gari da aka share, bambancin kaɗan ne, nau'in farko ma yana amsawa da sauri ƙwarai. A dusa mai zurfi ko dogon tudu mai santsi ne za ka ga nau'in farko yana da iyaka, don injin bayan ƙarami ne, idan ya yi zafi kuma kwamfuta na rage masa ƙarfi. Idan motarka tana da maɓallin da ke tilasta jan huɗu kullum, irin na Volvo, ranar dusa ce ranarsa.

Totur kuma a lallaɓa shi. Injin lantarki yana ba da dukkan ƙarfin juyinsa tun daga tsaye, abin da ke sa taya ta goge dusar ƙarƙashinta ta mayar da ita ƙanƙara. Maɓallin dusa da wasu motoci ke da shi aikinsa ke nan, ya dakushe totur. In babu shi, na tattalin mai ma yana yin kusan haka. Na tsere kuwa ka manta da shi har bazara. A kwana, ka gama rage gudu tun motar na miƙe, sannan ka juya. Idan ka juya sitiyari motar ta ci gaba da miƙewa, kada ka ƙara murɗawa, ka sassauta totur ka ɗan mayar da sitiyarin har tayoyin gaba su sake kamawa. Gada da inuwar bishiyoyi su ke fara daskarewa. Kuma ƙanƙara ta fi santsi a kusa da sifili, lokacin da ruwa ke kwance a kanta, fiye da ranar tsananin sanyi. Kwaltar da ta yi baƙi tana sheƙi alhali tayoyin motar gabanka ba sa fesa ruwa, wannan ƙanƙara ce.

Idan ka kafe, kada ka danne totur. Ka fito da shebur ka buɗe gaban tayoyi da ƙarƙashin motar, don yawanci cikinta ne ya hau dusa tayoyi suka rataye. Mai sasfenshan na iska ya ɗaga ta. Miƙe sitiyari, ka kashe na'urar hana juyin taya na ɗan lokaci idan ta hana ka motsi gaba ɗaya, ka ɗan yi gaba, ka tsaya cak, ka sa ribas, a hankali. Da ka fita ka mayar da na'urar. In sai an kira janwe, ka ce a turo mai ɗaukar mota a bayanta. Jan haibirid tayoyinta na gungurawa a ƙasa yana juya injin lantarkin ya haifar da wuta, ɓarnar kuma ba ƙarama ba ce.

Wannan kuma ka riƙe shi da kyau, don batun rai ne. Haibirid na iya zama shiru alhali a kunne take, injin fetur kuma ya tashi da kansa duk lokacin da ya ga dama. Idan dusa ta rufe ka a hanya kana jiran taimako da hita a kunne, ka fita ka tone bakin salansa, ka riƙa komawa kana dubawa, ka ɗan sauke gilashi. Salansar da ta toshe tana mayar da hayaƙi mai guba cikin mota, ba shi da wari ba shi da launi. Haka nan a garejin gida, ka tabbata kalmar READY, mai nuna motar a kunne take, ta mutu a gabanka kafin ka rufe ƙofa.

Shan man da ka gani ba ciwo ba ne. A yawancin haibirid marasa soket, zafin hita daga ruwan injin fetur yake zuwa, don haka injin da ya saba hutawa a danja yanzu dole ya yi ta aiki don ya ɗumama ka. Batirin ma sanyi ya rage masa kuzari. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce a tuƙin cikin gari, a sanyin digiri 7 ƙasa da sifili, motar fetur kan rasa kamar kashi 15 cikin 100 na tattalin manta idan aka kwatanta da digiri 25, haibirid kuwa kashi 30 zuwa 34. Duk da haka yawanci tana fin takwararta ta fetur zalla tattali. Ka dogara da ɗumin kujera da na sitiyari ka rage hita kaɗan. In taka mai soket ce, ka sa ta ɗumama kanta tana jone da wutar gida kafin ka fito. Kuma lokaci-lokaci ka yi doguwar tafiya injin ya yi zafi sosai, don gajerun tafiye-tafiye a sanyi suna tara danshi da fetur a cikin baƙin mai.

Abin da ke kwantar da haibirid da safe galibi ba babban batirin ba ne, ƙaramin ne mai bolt 12, wanda ke tayar da kwamfutoci. In ya mutu, ko babban a cike yake motar ba za ta ce uffan ba. Ka sa a auna shi kafin hunturu ya yi nisa, kuma idan za ka zauna a mota kana jira, ka bar ta a READY a fili, don a nan ne babban ke ciyar da ƙaramin.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma suna cizo. Tambarin da ke hancin motar sau da yawa radar ce a bayansa, wato na'urar da ke hango abin da ke gaban motar. Tafiyar minti kaɗan cikin jiƙaƙƙiyar dusa ta isa ta lulluɓe shi da ɓawon ƙanƙara mai datti, sai ka ga saƙo cewa birkin gaggawa mai kama kansa ya daina aiki. Ka goge shi da hannu, da kyamarar saman gilashi. Na'urar riƙe gudu da mai bin layi a kashe su, layin ma ba a ganin sa. Fitilun LED ba sa zafin da zai narkar da dusar da ta manne musu, su ma sai an goge. Ruwan wanke gilashi ya zama na hunturu. Ka share rufin motar gaba ɗaya, rufin jif faɗi gare shi, birki ɗaya zai zubo maka da shi a kan gilashi. Ramukan iskar batir da ke ƙarƙashin kujerar baya a wasu motocin kada a toshe su da riguna ko jiƙaƙƙun takalma.

Faifan birkin haibirid kuma yana saurin tsatsa, saboda janareta ya ƙwace masa aiki ga gishirin da ake zubawa a titi. Duk bayan 'yan kwanaki, a busasshiyar hanya babu kowa a baya, ka taka birki da ƙarfi sau biyu ko uku ya goge kansa, ka kuma riƙa wanke ƙarƙashin motar. Idan ka dawo da birki a jiƙe kuma daren zai yi tsananin sanyi, a wuri mai shimfiɗe ka bar ta a P kawai, ka duba littafin motar yadda ake hana hambirkin lantarki kama kansa, don yana iya daskarewa a jikin faifan kafin safiya.